"To, Ina Labarin?" Abin Da Muke Yafe Wa Hula Amma Ba Ma Yafe Wa Fim

 

Yau da tambaya za mu fara. A cikinku wa ya taɓa ɗaukar hula zanna a kasuwar Dutse, ya jujjuya ta, sannan ya dubi mai hular ya ce, "Malam, wannan zanen wane darasi yake koyarwa?" Wace ce a cikinku ta taɓa zama gaban mai lalle ranar jajiberin sallah, da aka gama ta ce ba za ta biya ba sai an faɗa mata yadda labarin da ke bayan hannunta ya ƙare? Mun san babu. Hula in ta yi kyau ta yi kyau, a yi ciniki a kafa ta a goshi. Lalle in ya kama ya kama, a ɗauki hoto a tura wa ƙawaye.

Amma bari a kunna mana fim, a yi minti uku ba a ga jarumi ba, ba wanda ya ce uffan, sai launuka ke ta gilmawa, ko hotunan gari ke ta sauyawa da kiɗa a ƙarƙashi. Nan da nan za a fara tsaki. Wannan ya ce a tura gaba, wancan ya rantse mai tura fina-finai ne ya cuce shi, sai kuma tambayar da kowa ya haddace ta fito: "To, ina labarin?"

Idon da ya yaba hular, shi ne dai ya ƙi fim ɗin. Me ya sa muke kafa wa fim sharaɗin da ba mu taɓa kafa wa zane ko kiɗa ba? Maganar ta wuce ta nishaɗi, domin a cikinku ne masu riƙe kyamarar gobe za su fito, kuma abin da ido ya saba nema, shi hannu zai ɗauko.

Wai akwai fim marar labari?

Akwai, kuma ya girmi kakanninmu. Hasali ma da shi aka fara. Ranar 28 ga Disamba, 1895, wa da ƙane Faransawa, Auguste da Louis Lumière, suka tara mutane a birnin Faris, suka karɓi kuɗin shiga, suka nuna musu gajerun hotuna masu motsi, kowanne bai kai minti ɗaya ba. Akasarinsu babu labari a ciki. Ɗaya ma'aikata ne kawai ke fitowa daga masana'anta bayan an tashi aiki. Wani kuma jariri ake ba abinci. Ana cewa abin da ya fi ɗaukar hankalin wasu 'yan kallon shi ne ganyayen itatuwa da iska ke kaɗawa can bayan jaririn. A lokacin, motsin kansa shi ne abin kallo.

Daga baya labari ya mamaye harkar, saboda shi ke cika gidan kallo. Duk da haka wasu sun ci gaba da bin tsohuwar hanyar, kuma aikinsu ya kasu gida biyu.

Kashi na farko, abubuwan zahiri ake ɗauka, mutane da tituna da kasuwanni, sai dai babu jarumi, babu mugu, babu hira. A shekarar 1929 wani mai shirya fim na Tarayyar Sobiyet, Dziga Vertov, ya fitar da fim mai suna Man with a Movie Camera, wato mutum da kyamararsa. Ɗan uwansa ne ya riƙe kyamara, matarsa Elizaveta Svilova ta yi aikin yankawa da haɗawa. A cikin sa'a ɗaya da 'yan mintuna suka nuna yadda birni ke farkawa, ya yi aiki, ya huta. Masu suka na lokacin sun yi masa ca, suna ganin wasa da kyamara ne kawai. Amma a 2014, da mujallar fina-finai ta Ingila mai suna Sight and Sound ta tambayi masana, shi suka zaɓa a matsayin fim ɗin gaskiya mafi daraja da aka taɓa yi.

Akwai kuma Baraka na shekarar 1992, wanda Ron Fricke ya ɗauka a ƙasashe 24. Sunan kun gane shi, kalmar Larabci ce da muka ara muke cewa albarka. Daga farko har ƙarshe babu mai sharhi ko ɗaya. A wani wuri za a nuna 'yan tsaki na kamfani ana tura su bisa na'ura kamar kayan masarufi, sai a yanka zuwa mutanen birni suna turereniya a tashar jirgin ƙasa, a sake komawa kan 'yan tsakin. Ba wanda ya ce maka komai, amma saƙon ya shiga.

Kashi na biyu ya fi nisa da abin da muka saba. Nan ko mutum ko gida babu, siffa ce da launi da motsi zalla. A Jamus aka fara shi sosai, inda Walter Ruttmann ya nuna nasa a 1921. Wanda ya fi ba mu sha'awa shi ne Len Lye, mutumin ƙasar New Zealand, wanda ya yi fim ba tare da kyamara ba. Ku tuna cewa fim na da dogon ziri ne mai kama da leda, ɗauke da ƙananan hotuna a jere, ana haska guda 24 a kowane sakan, ido ya gan su kamar motsi. Fim na minti huɗu ke nan yana cin gurbin hoto 5,760. Shi Len Lye sai ya ɗauki fenti ya yi zane kai tsaye a kan zirin. Haka ya yi A Colour Box a 1935, kuma hukumar gidan waya ta Ingila ce ta biya kuɗin aikin don tallar aika kaya, aka riƙa nuna shi a gidajen sinima na kowa da kowa. A 1958 ya yi wani mai suna Free Radicals, inda ya kankare baƙin ziri da allura da wasu ƙarafa masu tsini, fararen layuka suka riƙa tsalle suna juyi kamar walƙiya. Kun san kiɗan da suke bi? Gangunan mutanen Bagarmi ne na ƙasar Cadi, maƙwabtanmu na gabas.

Idonmu ya daɗe da sanin wannan harka

Wani zai ce ai wannan shirmen Turawa ne, mu ba mu gada ba. To mu duba gida.

Duk wanda ya taɓa shiga fadar Mai Martaba Sarkin Dutse da ke Garu ya ga yadda aka ƙawata bango da zane mai launi iri-iri, layi ya hau layi, da'ira ta shiga da'ira. Baƙi kan tsaya su ɗaga kai su yi ta kallo, kuma ba mu taɓa jin wanda ya fito yana ƙorafin bai gane labarin ba. Ku dubi babbar riga mai aska takwas ko aska biyu. Maɗinki kan yi makonni, wani lokaci watanni, a kan gaban riga guda. Ku dubi dagi da ke jikin gine-gine da tufafi da tambarin ƙungiyoyi a duk faɗin Arewa. Ku dubi faifan da iyayenmu mata ke saƙawa, da ƙwaryar da aka ƙona wa zane, da tabarma mai ratsin ja da kore. Ku dubi allon zayyana da ake yi wa wanda ya sauke Alƙur'ani, yadda gwanin zayyana ke tsara murabba'i da alwatika da tawada kala-kala har ido ya kasa ɗaukewa.

Gaskiya ne wasu daga cikin siffofin nan suna da suna, wasu ma masana na cewa suna da ma'ana ta asali. Amma mai sayen riga ba ma'anar yake ciniki ba. Tsari yake dubawa, da daidaito, da tsabtar aiki. Hausawa suka ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A fagen zane mun ƙware wajen sanin kimar abin da ba ya ba da labari.

Haka abin yake a kunne. Kalangu yana magana, wannan kowa ya sani, kuma algaita tana da taken da take busawa. Amma mu faɗa wa juna gaskiya: mu nawa ne a cikin 'yan zamaninmu ke gane abin da kalangu ke faɗa? Duk da haka in ya tashi, kafaɗa ba ta neman izini. Iyayenmu sun shekara da shekaru suna rera waƙoƙin Indiya ba su san kalma goma ta Indiyanci ba.

In kuna son ganin daɗewar abin, ku nufi kudu zuwa Birnin Kudu. A Dutsen Mesa da Dutsen Habude akwai tsofaffin zanen shanu a jikin dutse, kusa da su kuma akwai duwatsun da in an buga su suke amsawa kamar ƙararrawa. Wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, ya yi rubutu a kansu a tsakiyar shekarun 1950. Mutanen da suka rayu a wurin sun bar mana abu biyu gefe da gefe: hoton da ke nuna saniya, da amon da ba ya nuna komai sai daɗinsa. Dukansu sun ɗauke su da muhimmanci.

To me ya sa fim ya zama daban?

Dalili na farko tarihi ne. Fim bai zo mana a matsayin ado ba, ya zo ne a matsayin malami. Zamanin Turawan mulki, motar majigi ke yawo gari-gari, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko gidan hakimi, a haska fim kan tsabta ko rigakafi ko noma, ga mai fassara yana bayani da lasifika. Tsofaffi har yau suna tuna Baban Larai, wanda aka shirya don koyar da noman auduga na zamani. Tun daga nan aka ɗaura wa fim aure da darasi.

A gefe guda kuma ga gidajen sinima. An buɗe Rex a Kano a 1937, wasu suka biyo baya, kuma da tafiya ta yi tafiya fina-finan Indiya suka ƙwace kasuwa, da dogon labarinsu na soyayya da auren dole da ramuwar gayya. Lokacin da namu suka fara na bidiyo, daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, da yawansu daga wasan kwaikwayo da rubutun littattafai suka fito. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino littafi ne kafin ya zama fim. In aka ƙara da cewa mu jikokin masu tatsuniya ne, waɗanda aka rena da Gizo da Ƙoƙi, sai a ga fim ya shigo ya zauna a kan tabarmar da tatsuniya ta shimfiɗa.

Akwai kuma wani abu. Sana'ar fim a ƙasar Hausa ta daɗe tana shan zargin ɓata tarbiyya, har Jihar Kano ta kafa hukumar tace fina-finai a 2001. Garkuwar da ɗan fim ya fi riƙewa ita ce kalmar faɗakarwa. Duk hirar da aka yi da shi sai ya ce fim ɗinsa yana koyar da kaza. Wanda ya yi fim na launi da motsi zalla, me zai ce yana koyarwa? Maɗinkin hula ba a taɓa sa shi ya kare kansa haka ba.

Dalili na biyu lokaci ne da kuɗi. Zanen bango ba ya tsare ka. Ka kalla sakan biyar ka wuce, gobe ka dawo ka ƙara. Kiɗa kana ji kana wanki. Fim kuwa sai ka ba shi ido da kunne da zama, shi ke yanke maka tsawon lokacin. Ga kuɗin data, ga cajin waya da aka biya a shago saboda ba wuta. Wanda ya kashe wannan duka yana son a biya shi, kuma kuɗin da ya saba karɓa shi ne sanin wa zai auri wa.

Dalili na uku yana cikin kanmu. A 1944 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Fritz Heider da Marianne Simmel, suka nuna wa ɗalibai wani ɗan gajeren fim. Babu komai a ciki sai babbar alwatika, da ƙaramar alwatika, da da'ira, suna yawo a kewayen wani akwati mai ƙofa. Da aka ce su rubuta abin da suka gani, kusan dukkansu labarin mutane suka rubuta. Da yawa suka ce maza biyu ne ke faɗa a kan mace, babbar alwatikar kuma azzalumi ne. Kun ji fim ɗin Hausa sak! Wato da zarar abu ya motsa, ƙwaƙwalwa takan tambaya wa ke bin wa, kuma don me. Alwatikar da ke jikin hula tana zaune lafiya, ba ta tayar da wannan tambayar. Ta fim kuwa tana motsi, shi ya sa muke jiran ta yi wani abu, in ba ta yi ba mu ji kamar an yaudare mu.

Muna kallonsa, suna ne ba mu ba shi ba

Abin dariyar shi ne, mu da ke cewa ba ma son fim marar labari, kullum muna cikin kallonsa. Bayan kowace sallah wayoyin Dutse cike suke da bidiyon hawa: dawakai, lifidi, rawuna, 'yan bindiga, ƙura da algaita. Wane labari ne a ciki? Amma sai mutum ya kalla sau biyar. A TikTok mukan tsaya kan bidiyon mai yanka sabulu, ko mai zuba fenti, ko mai ginin tukwane yana juya yumɓu, har cajin ya ƙare. A gidaje da yawa akan bar talabijin a tashar Saudiyya da ke nuna ɗawafi kai tsaye dare da rana. Wannan ba nishaɗi ba ne, shauƙi ne da natsuwa, amma ya nuna cewa idonmu na iya zama da hoto mai motsi tsawon sa'o'i ba tare da jiran ƙarshen labari ba.

Ko a cikin fina-finanmu, me ke faruwa in waƙa ta zo? Labari yakan tsaya cak. Jarumi da jaruma su ɓace daga falo su bayyana a lambu, kaya su sauya sau huɗu cikin minti biyar, ba wanda ya tambayi ina suka sami kuɗin ɗinki. Tun zamanin Sangaya, wajen shekarar 2000, 'yan kasuwar fim suka gane cewa waƙa na iya sayar da fim fiye da labarinsa. Mintunan nan na launi da kiɗa da motsi 'yan uwan aikin Len Lye ne, ko da masu yin su ba su taɓa jin sunansa ba.

Ke nan ba abin muke ƙi ba. Alkawari muke bi. In an ce mana waƙa ce, mu saki jiki. In an ce fim ne, mu gyara zama mu jira labari.

Masu ƙorafi ma suna da gaskiyarsu

Kada ku ɗauka muna cewa duk fim marar labari abin yabo ne. A 1964 wani mai zane Ba'amurke, Andy Warhol, ya kafa kyamara ta kalli dogon benen nan na Empire State da ke birnin New York, aka fitar da fim na sa'a takwas da minti biyar. Babu abin da ke faruwa sai duhu ya shiga, fitilu su kama. Masana suna da bayanansu a kansa, amma wanda ya ce ba zai iya zama ba bai yi laifi ba. Kamar yadda ake samun hular da aikinta ya cakuɗe, haka ake samun fim ɗin da mai shi ya ɓuya a bayan "ba ku gane ba ne" alhali bai iya ba.

Kuma labari ba abokin gaba ba ne. Wanda ya bi Labarina ko Izzar So ko Daɗin Kowa mako-mako ya san daɗin da ke cikin jiran abin da zai faru. Abin da muke cewa shi ne ɗaki biyu ne a gidan, mu kuma mun kulle ɗaya mun jefar da makullin.

Ku dubi misalin Moustapha Alassane na Jamhuriyar Nijar, wanda ya yi zamansa a Tawa, ya rasu a 2015. Yana cikin mutanen farko da suka yi fim ɗin zane mai motsi a Afirka ta Yamma. Ya je Kanada ya ƙaru da Norman McLaren, ɗaya daga cikin manyan masu zane a kan zirin fim. Da ya dawo, fina-finai masu labari ya yi, kamar Bon Voyage Sim na 1966, inda kwaɗi ke da ƙasa da shugaban ƙasa. Ya koyi sarrafa motsi a wurin gwanin siffa da launi, ya zo ya yi wa labarinsa hidima da shi.

Abin da muke asara

Ga wani gwaji. Ku kunna fim ɗin Hausa irin na falo, ku juya wa talabijin baya, ku ci gaba da shara. Sau da yawa ba abin da zai wuce ku. Alhaji ya shigo, za a ce Alhaji ya shigo. Ran Hajiya ya ɓaci, za ta faɗa da bakinta. Kyamara tana tsaye kamar baƙon da ba a ba wurin zama ba, baki ke yin duk aikin. Wannan wasan kwaikwayon rediyo ne da aka saka wa hoto. Mu ne muke cewa gani ya kori ji, amma a fina-finanmu da yawa ji ne ya kori gani.

An samu ci gaba a 'yan shekarun nan, hoto ya ƙara kyau, kayan aiki sun inganta. Sai dai kyamara mai tsada ba ta koya wa mutum gani. Wanda ya san yadda haske ke faɗowa kan fuska da la'asar, wanda ya san lokacin da ya kamata a yanke hoto da lokacin da ya kamata a bar shi ya numfasa, shi ne zai iya nuna baƙin ciki ba tare da an ce "raina ya ɓaci" ba. Irin wannan ilimi a fim marar labari aka fi koyonsa, domin a can babu hirar da za ta rufa wa mutum asiri.

Kuma akwai abinci a ciki. Tallar kamfani, bidiyon waƙa, hotunan da ke buɗe shirin talabijin, rubutu mai motsi a shafukan sada zumunta, duk aikin siffa da launi da motsi ne, kuma kuɗi ake biya a yi su. Ga Jami'ar Tarayya a Dutse tun 2011, ga matasa da wayoyi a Takur da Fagoji da Limawa. Zai zama abin takaici a ce jikokin masu aska takwas sai sun aika Legas a tsara musu tallar minti ɗaya.

Aikin hutu

Ga abu uku da za ku iya gwadawa idan an yi hutu, tunda mun san makarantu da yawa ba sa barin waya.

Na farko ba ya bukatar waya ma. Ku samo tsohon littafin rubutu da kuka gama da shi. A kusurwar shafin ƙarshe ku ɗiga ɗigo. A shafin da ke gabansa ku matsar da shi kaɗan, haka har shafi talatin ko arba'in, ɗigon ya girma, ya rabu biyu, ya zama dagi in kun iya. Ku kama kusurwar da babban yatsa ku saki shafukan da sauri. Kun yi fim irin na Len Lye, ba ku kashe ko sisi ba.

Na biyu, ku ari wayar yaya ko ta Baba, ku nemi Free Radicals a YouTube. Bai wuce 'yan mintuna ba. Kafin ku kunna, ku ajiye tambayar "me yake nufi?" a gefe, ku riƙe waɗannan: Me ke maimaituwa? A ina sauri ya sauya? Layin ne ke bin ganga, ko gangar ce ke bin layin? Irin tambayoyin da kuke yi wa hula ne ba ku sani ba.

Na uku, ku ɗauki fim na minti ɗaya wanda ba magana a cikinsa. Inuwar dabino a jikin duwatsun Dutse daga hantsi zuwa la'asar. Hannun mai saƙar faifai. Tururin kaskon mai ƙosai da sassafe. Buhuna da ƙafafu da mudu a kasuwar Shuwarin. Sharaɗi dai, ku nemi izini kafin ku ɗauki kowa, musamman iyaye mata, kuma ku nisanci wuraren jami'an tsaro. In kun gama ku nuna wa abokai.

Wani a cikinsu tabbas zai ce, "To, ina labarin?" Kada ku yi fushi, kada kuma ku yi dogon bayani. Ku ce ya sake kallo sau ɗaya, ya faɗa muku wurin da ya fi so. In ya nuna wuri, aikinku ya yi. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ku rubuto mana abin da kuka ɗauka da abin da 'yan kallonku suka ce. Allah ya ba da sa'ar jarrabawa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.